Akwatin da Ke Kira da Kansa

Tawa, cikin watan Agusta, 1999

Kai da ka buɗe wannan takarda alhali ba sunanka ke bayanta ba, ka ji tsoron Allah ka ninke ta yadda ka same ta. Na san ana karanta wasiƙun mutane a hanya don rage zaman mota. Babu asirin kowa a ciki, maganar na'ura ce, kuma ba za ka gane ba. In kuwa kai ne Muktari, to ci gaba.

Zuwa ga ɗana Muktari, a Kwatano. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da maiɗakinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke tashi in hadari ya haɗu. Ruwa ya sauka sosai wajen Kalfu, gero ya yi kyau. Ko da ba ka taɓa kwana a gidana ba, kakarka da mahaifina ciki ɗaya suka fito, saboda haka wannan ba roƙo ba ne, aike ne.

Ka san tun da albashi ya zama sai an ga dama na bar aikin sakatariya, na buɗe telesantar, wato shagon buga talho, a zauren gida. Layin talho ɗaya gare ni, da ordinatar biyu, wato kwamfuta, ɗiyata Rukaiya ce ke bugun takardu. Bana muka shiga intanet, amma ordinatar ɗaya ce ke da modam, na'urar da ke haɗa ta da layi. Samarin da ke aikin projen rijiyoyi suna zuwa aika wasiƙun na'ura da suke kira mel, sai su yi cincirindo a kan guda, ɗayar na zaune ba aiki. Suna jira suna surutu, suna kallon abin da ba a ce su kalla ba. Wani cikinsu, Abdu, ya ce in sayi rutar, wai za ta haɗa duka biyun. Na ce masa ba na sayen abin da ban san aikinsa ba. An ce kai aikinka ke nan. Ka bayyana mini mece ce, da irin da ya dace da ni, da Hausa, ba da Faransancin burga ba. Na yi kwaleji, ba za ka ruɗe ni ba.

Abu ɗaya za ka riƙe. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, layina ba na kasuwanci ba ne. Matan ƴan bida, masu tafiya ci-rani, suna zuwa daga Affala da Kalfu su zauna a tabarma suna jiran mazansu su kira daga Abijan. Ranar ba mai ɗaga kan talhon sai in ya yi ƙara. Ranar ce kuma ɗana Habibu ke kira, wanda ya bar lakwal ya tafi sayar da agogo a kan tebur a kasuwar Ajame, can Abijan. Ban yafe masa barin karatu ba, amma ina son jin muryarsa.

Ka ba Arzika amsa, direban motar albasa da ya kawo maka wannan.

Gwaggonka, Rahamatu

*

Kwatano, watan Satumba

Zuwa ga Gwaggo Rahamatu. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Rukaiya. Allah ya sauƙaƙa ciwon gwiwa. Muna lafiya, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa a nan.

Gwaggo, ki ɗauki rutar kamar kamashon tashar mota. Kowa a gidan ya miƙa masa saƙonsa, shi ya san motar da zai sa shi, in amsa ta dawo kuma ya san mai ita, ba ya ba wani na wani. Ordinatar biyunki za su shiga jikinta da waya, ita ta shiga modam, modam ya shiga layi. Sai mutum biyu su yi aiki lokaci ɗaya. Gudun zai ragu kaɗan, tunda hanya ɗaya suke rabawa.

Akwai manya da bankuna da ma'aikatu ke sawa, masu son layi na musamman da ba ya yankewa. Wannan ba naki ba ne, kada wani ya sayar miki. Akwai masu aiki da sabon layi irin na manyan birane, ban ji yana zuwa unguwarku ba. Naki ƙaramin akwati ne mai ramuka huɗu a baya da wurin modam. Ramuka huɗu sun ishe ki ko kin ƙara ordinatar. Ki tabbata yana cin kuran, wato lantarki, irin namu, ki sa shi inda iska ke bi, kuma ki haɗa shi da regilatar mai daidaita wuta, don kuran ɗin Tawa na san halinsa.

A cikin ƙananan akwai iri biyu a shagonmu. Ɗaya sai mutum ya ba ta umarni ta kira, in an gama ya kashe. Ɗayar kuwa da kanta take kira duk lokacin da wata ordinatar ta nemi fita, in an jima ba a nema ba ta ajiye. Ta biyun ta fi daɗin aiki, amma ni ta farkon nake ba ki shawara. Dalili shi ne rutar ba ta haifar da sabon layi, naki ɗin nan take hawa. Muddin tana kai, wanda ya kira daga waje zai ji layi a kame. In da hali ki nemi layi na biyu.

Ki gaida Habibu in ya kira. Ki yi masa sassauci, Gwaggo, zaman Abijan ba daɗi ga baƙo yanzu, kullum ana tambayar takardun zama.

Ɗanki, Muktari

*

Tawa, watan Oktoba

Zuwa ga ɗana Muktari. Na sami takardarka, na gode, Allah ya yi albarka. Muna lafiya. An fara yankan gero, gari ya cika da hayaniyar ƴan siyasa, kowa da tutarsa.

Bayaninka ya fito sarai. Na karanta sau biyu, na gane. Amma shawararka ba zan ɗauka ba, ga dalilina. In na sayi wadda sai an ba ta umarni, wa zai riƙa ba ta? Rukaiya. Ke nan kowane saurayi da ya shigo sai ya ce, “Rukaiya, zo ki buɗe mini.” Ta taso, ta sunkuya kusa da kafaɗarsa. Abin da nake gudu ke nan tun farko, kai kuma kana so in saye shi da hannuna. Ka aiko mini wadda ke yin aikinta ba a tashe ta ba. Ko cikin mutane irin wannan nake so.

Maganar layi na biyu, ka daɗe ba ka zo gida ba. Wanda ya rubuta sunansa tun ina aiki har yau yana jira. Maganar kame layi kuma, na ji. Ranar Lahadi ƴan proje ba sa zuwa, ba mai taɓa intanet. Rukaiya kaɗai ke bugun takardun ƴan makaranta, wannan kuwa ba ruwansa da layi. To ina matsalar?

Sai abu ɗaya. Modam ɗin nan in zai kira yana wani kuka kamar akuyar da aka taka wa wuya. Sau nawa ina salla yana yi. Abdu ya ce ana iya rufe masa baki. Ka shirya rutar yadda ba zan ƙara jin wannan kukan ba.

Batun Habibu, ban tambaye ka ba. Wanda ya yi wa ɗansa sassauci a kan karatu ya cuce shi. Ya kira makon jiya, yana tari, ya ce ba komai. Na ce masa sigari ne. Ya rantse ba ya sha.

Rahamatu

*

Tawa, ƙarshen watan Nuwamba

Zuwa ga Muktari. Gaisuwa da fatan alheri. Jikina da sauƙi, barci ne dai ba na samu sosai.

Akwatin ya iso lafiya tun farkon wata, Arzika ya riƙo shi a gaba, bai sa shi cikin albasa ba. Abdu ya haɗa bisa ga zanen da ka yi. Yana aiki. Samari biyu na zama lokaci ɗaya, kowa da allonsa, ba mai kiran Rukaiya. Kukan modam ya ɗauke. Cikin mako in wani zai buga talho sai a kashe modam, ya gama a kunna. A wannan na yaba maka.

Ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tun da watan nan ya kama Habibu bai kira ba. Ko sau ɗaya. Kowace Lahadi ina zama kusa da talhon tun hantsi har la'asar, ba na bari kowa ya taɓa shi. Ba shi kaɗai ba, mazan nan duka kamar sun haɗa baki. Da, talho ba ya hutawa ranar Lahadi. Yanzu sai a wuni ya yi ƙara sau ɗaya ko biyu. Hajaratu, wata yarinya daga Affala mai goyo, ta zo ta koma, ta zo ta koma. Ran nan ta ce mini, “Inna, ko dai talhon naki ya gaji?” Na ce, “Talho ba ya gajiya, ƴar nan. Maza ne ke gajiya da tuna gida.” Matan suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Na san abin da ke faruwa. Ƙarshen shekara ya zo, Abijan ta kunna fitilunta, kuɗin kira ya tafi wajen da bai kamata ba. Na haifi yaro, na sayar da zannuwana na sa shi lakwal, ya watsar, yanzu muryarsa ma ta fi ƙarfina.

Ban rubuta masa ba, don takarda ba ta ɗaukar abin da ke raina. Kaset na cika masa, gaba da baya, na ba wani ɗan Kalfu da zai sauka Abijan bayan kasuwa. Gefen farko nasiha ce a kan salla da abokai. Gefe na biyu na faɗa masa abin da ya dace da shi. Na ce in ya ga dama kada ya ƙara kira, na saba da rashin ubansa, zan saba da nasa. Na ce ranar da na mutu kada a wahalar da shi da labari. Rukaiya tana kuka tana cewa, “Inna, ki goge wannan.” Ban goge ba. Yaro sai ya ji zafi yake dawowa hanya.

In kana da wani a Abijan, ka sa a duba mini shi. Ba don komai ba, tarin nan nake tunani. Kuma kada ka aiko mini amsa ta mel ɗin nan naku, maganar gida ba ta bi ta allon da kowa ke leƙawa.

Rahamatu

*

Tawa, ranar Asabar, cikin azumi

Muktari, ina fatan kana lafiya. Ni ba lafiya ba.

Ba ka amsa mini ba. Arzika ya dawo ya ce bai same ka ba, ya bar takardar a shagonku. Kai ma ka koyi halin ne?

Ka ji abin da rediyo ke faɗa tun jiya. Sojoji sun fito a Abijan, ana harbi, ana fasa shaguna. Sun ambaci kasuwanni. Ni na san inda teburin Habibu yake, ya taɓa kwatanta mini, bakin babbar hanya ne, inda motoci ke juyawa. Yaron da ba ya iya barin kayansa ya gudu. Tun yana ƙarami in an ce a ruga sai ya tsaya ɗaukar takalmi.

Na buga lambar kabin ɗin da yake kira daga ciki, ba ta shiga. Na buga ta wani ɗan Tawa mai shago a can, ba ta shiga. Mata sun fara zuwa tun yau, ba su jira gobe ba. Zauren ya cika, har waje. Na dafa musu kunu na buɗa-baki, rabinsa ya dawo.

Muktari, ɗan Kalfun nan ya tafi da kaset ɗin tuntuni. In ya kai, to abin da Habibu ya ji daga bakina na ƙarshe shi ne kada a gaya masa mutuwata. Ban ce na yi kuskure ba. Uwa tana da ikon faɗa. Amma faɗa ana yin sa ne ga wanda zai dawo a shirya. Ina ta lissafin hanya, ko motarsu ta tsaya a Doso, ko ya biya wajen danginsa, ko ya manta da shi cikin jaka. Ban taɓa roƙon Allah ya sa ɗan aike ya yi sakaci ba sai yau.

Gobe Lahadi. In yana da rai zai kira, ko da ya yi fushi, don ya san zan ji rediyo. In bai kira gobe ba, ban san abin da zan gaya wa kaina ba. Na ce wa Rukaiya ta zauna ta yi bugunta kamar kullum, kada ta tsaya tana kallona.

Ban san wanda zan ba wannan takarda ba. Motocin albasa ba sa tashi sai jibi.

Rahamatu

*

Daga Muktari, ta mel, ranar Lahadi

Rukaiya, in kin ga wannan ki kai wa Gwaggo yanzu, kada ki jira ki gama abin da kike yi.

Gwaggo, ki gafarce ni, na san kin hana. Ina gaishe ki. An tura ni aiki Paraku, jiya na dawo na tarar da wasiƙarki ta Nuwamba. Tun safe nake buga layinki, a kame yake. Na tabbata ba mutum ke kansa ba.

Ki cire wayar da ta fito daga modam ta shiga bango. Ki cire ta da hannu, yanzu. Ba sai mutum ya taɓa intanet rutar ke kira ba. In ordinatar na kunne, manhajar mel tana leƙawa da kanta lokaci-lokaci ko saƙo ya zo, mai yiwuwa ƴan proje sun saita ta haka. Duk leƙawa, rutar sai ta kira. Kafin ta ajiye, an sake leƙawa. Haka za ta wuni a kan layi, kuma ba za ki ji ba tunda mun rufe wa modam baki. In wannan saƙo ya iso gare ki yau Lahadi, to shi ne shaida.

Ya kamata in faɗi wannan tun a wasiƙar farko, ban kawo shi a raina ba. Mazan nan suna kira, Gwaggo. Ina jin Habibu ma yana kira.

*

Tawa, kafin ƙaramar salla

Zuwa ga ɗana Muktari. Bayan gaisuwa, muna lafiya, alhamdu lillahi. Ina haɗa maka da takardar da na rubuta ranar Asabar. Na so in yaga ta, na ga ba kyau mutum ya ɓoye yadda ya kasance.

Saƙonka ya fito a allo Rukaiya na tsakiyar bugu. Ta fara karanta mini a gaban mata. Ban jira ta kai ƙarshe ba. Na durƙusa da gwiwar nan tawa na shiga ƙarƙashin tebur na fizge wayar. Ban gama miƙewa ba talho ya yi ƙara.

Mijin Hajaratu ne. Ta karɓa, muna jin sa yana ihu daga can, “Wace ce ke hira a layin nan wata biyu ba ta gajiya?” Wata tsohuwa daga Kalfu ta ce, “Faɗa masa aljanin Madam ne.” Madam suke ce mini. Aka yi dariya, wasu na share hawaye. Daga nan talho bai huta ba. Ana ajiyewa yana ƙara. Kowace ta ji nata, ni ina miƙa musu, ina kallon agogo. Na miƙa wa mace ta ƙarshe, zaure ya fara raguwa, nawa bai zo ba.

Rana ta yi sanyi sannan Habibu ya kira. Na ce, “Wa ke magana?” ko da na gane numfashinsa. Ya ce, “Inna, ni ne.” An kwashe teburinsa, ya yanke a hannu wajen tsallake katanga, amma yana tsaye da ƙafafunsa. Tarin ma ya tafi. Ya ce kowace Lahadi yana bin layi a kabin, in ya buga ya ji a kame, har mai kabin ya fara yi masa ba'a. Ya gwada cikin mako, haka. Ya ce, “Na ɗauka kin ajiye kan talhon gefe ne don kada ki ji ni.” Na ce, “Da ba na son jin ka, da bakina zan faɗa maka, ba na ɓuya bayan na'ura. Kuma hannunka ya karye ne da ba za ka rubuto takarda ba?” Ya yi dariya. Ban hana shi ba.

Sai na tambaye shi ko wani ɗan Kalfu ya kawo masa saƙo. Ya ce an gaya masa mutumin na nemansa, rikicin nan ne ya hana su haɗuwa. Na ce, “To ka saurara. Kaset ne. Gefen farko ka ji shi duka, sau biyu ma, akwai maganar salla a ciki. Gefe na biyu kada ka juya. Ka sa waƙa a kai.” Ya ce, “Me ke ciki, Inna?” Na ce, “Abin da ba a gaya maka ba.” Ya ce to. Ban sani ba ko zai bi. Ɗana ne, na san shi da son jin abin da aka hana. In ya juya, ya dai riga ya ji muryata bayan wancan.

Matan Affala na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, don amanarsu ce a hannuna. Abdu ya zo yana rantse-rantse, wai shi don sauƙi ya saita manhajar mel ɗin haka. Na ce ya mayar wa modam bakinsa. Gara in ji kukan akuya ina salla da a yi mini aiki a gida ban sani ba. Rutar ba zan mayar maka ba, tana da amfani, kuma ba ta yi abin da ba a sa ta ba. Amma duk wanda ya tambaye ka irin da zai saya, kafin ka ƙirga masa ramuka, ka tambaye shi wa ke jiran kira a gidansa.

Ga dokar da na kafa, na rubuta ta da babban baƙi na manna a ƙofar zaure, na karanta wa Rukaiya da ƴan proje. Daga magaribar Asabar zuwa safiyar Litinin, wayar modam tana fita daga bango, a naɗe ta, ta kwana cikin akwatin zannuwana. Ko gwamna ne ke da saƙo, ya jira Litinin. Ranar Lahadi a gidan nan, mutane kaɗai ke hawa layi.

Gwaggonka, Rahamatu